Daddawar da Ta Tsayar da Jirgin Likita

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami. Labarin maƙwabcina Badaru nake so in rubuta, tun yana nan da ransa, in na yi kuskure ya gyara mini. Shekara talatin da 'yan kai ke nan shagona yana kallon ƙofar gidansu, a lungun da ke bayan Masallacin Koudoukou, nan unguwar Kilomita Biyar a Bangui. Zare da allura da maɓalli nake sayarwa, sana'ar da ba ta hana mutum ganin mai shiga da mai fita.

A unguwa Badaru Mai Jirgi ake ce masa. Ba shi da jirgi, bai kuma taɓa tashi a cikinsa ba. An sha yi masa tayi a zaga da shi saman Bangui ya ga kogi, sai ya ce ya ga kogin daga ƙasa, ya ishe shi. Aikinsa na takarda ne.

Ga yadda abin yake. Manyan jirage na kamfani suna da ma'aikatansu. Amma akwai ƙanana, masu kujera huɗu ko shida, waɗanda mai jirgin shi ne direba, shi ne makanike, shi ne mai ɗaukar jaka. Irin wannan mutum idan ya taso daga wata ƙasa ya sauka a filin M'Poko, ya kashe inji ya fito yana miƙa, bai san ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa ba. A nan zai hango wani dogo siriri da farar hula, kati rataye a wuya, shuɗiyar jakar takardu a hammata, yana tahowa kamar wanda ba shi da aikin yi. Badaru ke nan. Ban taɓa jin wanda ya ga gudunsa ba.

Shi zai wuce gaba, baƙo yana biye. A fara da masu duba fasfo, sai mai duba katin allura, sai duwan, wato kwastan, inda ake rubuta mutanen da ke cikin jirgi da kayan da ke ciki. Daga nan ofishin kuɗin fili. Ni da na ɗauka jirgi idan ya sauka ya sauka ke nan, sai Badaru ya fahimtar da ni cewa saukar ma da kuɗinta, gwargwadon nauyin jirgin. Tsayuwa da kuɗinta, da awa ake auna ta. Wanda ya yi yamma har aka kunna masa fitilun hanya, wannan ma zai ji a aljihunsa. Shi ya sa in baƙo ya kira shi ta waya tun yana wata ƙasa, abin da yake fara gaya masa shi ne ya taso da wuri, ya iso da sauran rana. Bayan duk wannan sai hasumiya, inda ake shigar da takardar tafiya, a ce jirgi kaza zai tashi ƙarfe kaza ya nufi gari kaza.

A cikin shuɗiyar jakar nan kullum akwai takardar bayani kwafi biyar, domin baƙi da biyu suke zuwa, ofisoshi kuwa kowanne yana son tasa. Akwai biro uku. Akwai kuma farar riga mai layi a kafaɗa, wankakkiya gogagga. Da yawa cikin masu ƙananan jiragen nan da gajeren wando da silifa suke fitowa, mai gadin ƙofa ya dube su sama da ƙasa ya ƙi yarda cewa wannan ne matuƙi. Sai Badaru ya ja mutum gefe ya ara masa rigar. Ni nake sake mata maɓalli, don masu tumbi suna yawan tsinke su.

Asalinsu mutanen Damagaram ne, amma shi da yayarsa Rahamatu duk a nan aka yanke musu cibiya. Mahaifinsu fataucin goro ya yi, abin da ya bar wa Badaru shi ne wani ɗan sikeli mai ƙugiya. Mahaifiyarsu kuwa ta bar labari guda wanda duk gidan suka sani. Wata shekara tana dawowa daga Berberati a babbar mota, Badaru yana ɗan shekara bakwai a cinyarta, 'yan fashi suka tare su. Suka kwashe kuɗi da zannuwa har da takalma. Da suka zo kan ƙullinta suka shinshina suka ji daddawa ce, suka jefo mata abinta. 'Yan kunnenta na zinariya suna cikin curi ɗaya. Haka matanmu na da suke yi in za su bi hanya. Shekara biyu bayan haka ta rasu, Rahamatu ta gaji 'yan kunnen, ta kuma gaji rainon Badaru. Har yau da furfurarsa Auta take ce masa, shi kuma ba ya zama a kujera in tana kan tabarma.

Da mirgina gangar mai ya fara a filin jirgi. Faransancinsa a bakin matuƙa ya tsince shi, rubutu kuma wani tsohon akawu ya koya masa a bayan takardun da aka yar. Da aka ga ba ya manta abin da aka aike shi, ba ya kuma ƙara ko dala a kan abin da ofis ya ce, sai aka yi masa kati. Katin nan shi ne komai. Da shi ake shiga fili, ba shi kuwa ko inuwar jirgi ba za ka taka ba. Duk shekara ake sabunta shi, kuma takardar ƙarya guda ta isa a karɓe shi har abada.

Lokacin fitinar da aka yi a garin nan, wadda ba na son tsawaita maganarta, kusan shekara biyu ba ma iya fita unguwa. Badaru ya sa katin a gwangwanin shayi ya rufe. A lokacin ne Mas'uda, 'yar Rahamatu tilo, ta bi ayarin motoci da mijinta suka koma Garwa a Kamaru. Da ƙura ta lafa Badaru ya koma fili, ya tarar da sababbin fuskoki, katinsa kuma ya daɗe da mutuwa. Ana ta juya shi daga tebur zuwa tebur, sai wata babbar ma'aikaciyar duwan, Madam Ndakala, ta fito ta ce ta san shi, ita za ta tsaya masa. Tun daga ranar in ya kawo takarda ba ta cika buɗe kaya ba. Takan dube shi ta saman tabarau ta ce da harshen Sango, "Papa Badaru, abin da ke nan shi ke can?" Ya ce shi ne. Ta buga tambari.

To, mu mutanen Kilomita Biyar muna da halinmu game da saƙo. In aka ji za ka yi tafiya, ko da keke ne, kafin ka ɗaura takalmi an tara maka ƙulli a ƙofa. Ba a ƙin saƙo. Ba a kuma kwance shi, wanda ya leƙa saƙon mutane ya zubar da girmansa. Badaru ya sha baƙin jini a kan wannan, domin shekara da shekaru duk wanda ya kawo masa ƙulli yakan ce, "Jirgin ba nawa ba ne." Mutum ɗaya ne ya sa ya sassauta, Likita Hamajoda, wani Bafulatanin Garwa mai aikin ido, wanda yake zuwa da ɗan jirginsa sau uku ko huɗu a shekara yana cire wa tsofaffi yanar ido. Shi da kansa yake tambaya ko akwai saƙon Garwa. Saboda haka in likita zai koma, Badaru yakan karɓi ƙulli biyu ko uku, ya rataya kowanne a sikelin mahaifinsa, don ƙaramin jirgi ba ya son nauyin da ba a sani ba. Sai ya tambayi mai shi abin da ke ciki ya rubuta. Tambaya kawai yake yi. Bai taɓa kwancewa ba.

Ana nan Allah Ya sauki Mas'uda lafiya, ta haifi 'ya mace bayan shekara goma sha ɗaya da aure. Rahamatu ta raba goro har unguwar Miskine. Aka yi dace likita yana gari, zai koma ranar Alhamis.

Da safiyar ranar ina buɗe shago na gan ta ta fito da ƙulli a buhun fulawa, an ɗinke bakinsa ɗinki biyu. Badaru yana ƙofa yana goge takalmi.

Ya ce, "Yaya, me ke ciki?"

"Kayan miya."

"Takarda ba ta san kayan miya ba. Sunansu take so."

"Daddawa ce da yaji da kuka. Ko in kwance maka ka lasa?"

"A'a, Allah Ya ba ki haƙuri."

Ya rataya a sikeli, tana tsaye da hannu a ƙugu.

Ta ce, "Auta, ni ma za ka auna ni ne? Ni da na goya ka har bayana ya kusa karyewa, ban taɓa sa ka a sikeli ba."

"Da kin sa, Yaya, da kin sauke ni."

Ta yi dariya ba ta so ba. Sannan ta rage murya ta ce, "Ka gaya wa likita ya gaya wa Mas'uda, daddawar nan kada ta ba maƙwabta ko curi ɗaya. Ita za ta fasa da hannunta."

Ya ce to. Ya rubuta, ya tare mai moto, wato babur na haya, ya tafi.

Abin da ya faru a fili shi ya ba ni labari daga baya, likita ma ya ƙara mini nasa. Komai ya tafi daidai. An duba fasfo, likita ya biya kuɗin fili, hasumiya ta ba shi ƙarfe goma sha ɗaya. Madam Ndakala ta yi tambayarta ta kullum, Badaru ya amsa, ta buga tambari a kwafi biyar. Suka fito suna tafiya a kan kwalta, rana ta fara zafi, warin daddawa yana tasowa daga buhun da ke hannunsa. Da suka isa gindin fiffike sai ya fara isar da saƙon baki.

"Likita, ta ce a gaya wa yarinyar kada ta ba kowa daddawar, ita za ta fasa da..."

Bai ƙarasa ba. Ya ce mini jin maganar a bakinsa ne ya sa ya ji ta sosai. Yayarsa mace ce da ba ta iya cin gyaɗa ba ta miƙa wa na kusa ba, yaushe ta fara rowar daddawa? Sai kunnenta ya faɗo masa a rai. Da safen nan ba 'yan kunne a jikinsu, tsinken tsintsiya ne ta soka a hujin don kada ya toshe.

Likita ya ce, "Malam Badaru, lafiya? Ka tsaya kamar an kashe maka inji."

"Ina jin akwai zinariya a buhun nan."

Likita ya daina murmushi. Ƙasar nan tana da zinariya da lu'ulu'u, kuma ba abin da ake sa wa ido kamar ƙaramin jirgi mai fita waje. In aka kwance buhun a Garwa aka ga abin da ba ya cikin takarda, jirgin likita zai kwana a can ba ranar tashi. In a nan aka gani, katin Badaru ya tafi.

Likita ya ce, "To, mu bar shi. Ka koma da shi gida, ni in na sauka in ce an manta ƙulli ɗaya. Wa zai sani?"

Badaru ya ce, "Ƙofar ɗaya ce, likita. Ta gaban Madam na shigo da shi, ta gabanta zan fita. Kuma tambarinta yana kan takardar. Matar nan ta tsaya mini ranar da ba wanda ya san sunana."

"Ka san abin da kake shirin jawo wa kanka?"

"Na sani. Ka zauna a inuwa, zan ɓata maka lokaci."

Ya juya da buhun, da irin tafiyarsa ta kullum. Ya ajiye shi a teburin Madam Ndakala ya ce ya sa ta buga tambari a kan abin da bai gani da idonsa ba, kuma yana zaton akwai ƙari a ciki. Ta cire tabarau ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta jawo almakashi.

Ya ce, "Madam, alfarma ɗaya. A wurinmu ba a kwance saƙo sai mai shi. Yayata ce. Bari a kawo ta."

Ta dubi agogo, ta ajiye almakashin, ta tura masa wayar tebur.

Ni ya kira. Ya ce, "Malam Audi, rufe shago ka kawo mini Yaya fili. Kada ka gaya mata komai, ka ce dai ana son ganinta." Na samo moto biyu. Tun daga Koudoukou har ƙofar fili ina jiyo muryarta a baya, tana tambayar mai motonta ko jirgin ne ya faɗi, tana kuma ce masa ya rage gudu ba a kan buhun rogo yake zaune ba.

Aka shigar da mu ofishin. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, fanka tana juyawa a sama. Likita ya dawo yana zaune a benci. Rahamatu tana ganin buhunta a tebur ta gane. Ta juya ta yi wa Badaru wani kallo da na tabbata ya san shi tun yana yaro.

Madam Ndakala ta gaishe ta da girmamawa, ta sa aka ba ta kujera. Da Sango suka yi maganar, Rahamatu kuwa shekara arba'in ta yi tana sayar da man gyaɗa a kasuwa, Sangonta ya fi na kowa a ɗakin kaifi.

"Mama, me ke cikin buhun nan?"

"Abin da ƙanena ya rubuta. Shi ne mai ilimi."

"Ba wani abu kuma?"

"'Yata ta haihu. Shekara goma sha ɗaya muna jira."

"Allah Ya raya. Ba wani abu kuma?"

Rahamatu ta ja numfashi, ta karɓi almakashin ta warware ɗinkin da kanta. Ta fito da ƙullin yaji, ta fito da kuka, ta jera curin daddawa bakwai a kan jarida. Wani ma'aikaci da ke rubutu a kusurwa ya tashi ya buɗe taga, ya tsaya a can bai dawo ba. Ba ta yi lalube ba, ta san nata. Ta ɗauki na uku ta murƙushe shi a tafin hannu, sai ga ɗan tsumma, a cikinsa 'yan kunne biyu irin ƙirar da, sun yi duhu saboda tsufa.

Ta ce, "Na uwata ne. Ba gwamnati na ɓoye wa ba. Ɓarayin hanya na ɓoye wa."

Madam ta ce, "Mama, wane ɓarawo ne zai tare hanya a sama?"

"Ina na sani? Na taɓa zuwa?"

Likita ya sa hankici a baki, kafaɗunsa suna rawa. Ita ma Madam sai da ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su karkace ba. Can ta ce uwarta ita ma in za ta sauko daga ƙauye a cikin kifi busasshe take tura kuɗinta, har yau in ta ji warin banda sai ta tuna da ita. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ashe ba ta ƙare ba.

Ta jawo takardun nan biyar ta ja musu layi biyu-biyu. Ta sa aka rubuta sababbi, daddawa da yaji da kuka, wannan karon ta ga kowanne da idonta. Ta ce 'yan kunnen ba za su tafi yau ba, suna bukatar takarda daga wani ofis da ke cikin gari. Ta naɗe su a tsummansu ta miƙa wa Rahamatu. Sannan ta miƙa wa Badaru hannu, tafinta a buɗe.

Bai tambaye ta me take so ba. Ya cire hula, ya zare igiyar daga wuya, ya ɗora mata katin. Ta sa a aljihun tebur ta kulle.

Ta ce, "Dole in rubuta wa na sama da ni. Ka zo Litinin."

A lokacin ƙarfe goma sha ɗaya ta daɗe da wucewa. Tsayuwar jirgi ta shiga sabuwar awa, takardar tafiya ma sai an sake ta. Badaru kuwa ba shi da ikon wuce ƙofar nan. Daga bakin ƙofa ya tsaya yana yi wa likita kwatance, ya fara komawa ofishin kuɗi, ya karɓi rasit kwafi biyu, sannan ya hau hasumiya, kuma ya kira Garwa ya gaya wa 'yan duwan na can zai makara. Likita ya ɗauki buhun ya shinshina ya ce, "Hajiya, ban taɓa biya wa daddawa kuɗin masauki ba sai yau. In ba ta yi daɗi a miya ba zan dawo miki da ita."

Ta ce, "Kai dai ka duba hanya da kyau, mai gyaran ido."

Muka tsaya mu uku a bayan shingen waya muna kallo har ɗan jirgin ya ɗaga. Badaru ya ce a hankali, wannan ne karo na farko da baƙonsa ya tashi ba ya tsaye a gindin fiffike.

Kwana huɗun nan a shagona ya yi su. Ya ce ba ya iya zaman banza, sai na juye masa kwalbar maɓallan da suka cakuɗe tun shekarun baya, ya zauna yana ware su, farare gefe, masu huji huɗu gefe. Lokaci-lokaci sai in ga hannunsa ya kai ƙirji yana neman abin da ba ya nan. 'Yan unguwa ba su raga masa ba. Dabo mahauci ya wuce ya ce, "Mai Jirgi, an ce an yi maka ƙarin girma, ka zama Mai Maɓalli." Badaru ya ce, "Kawo rigarka, na ga cikinka yana neman hanyar fita."

Rahamatu ba ta yi masa magana ba ranar Juma'a, ba ta yi ba ranar Asabar. Amma tuwo yana fitowa kan lokaci, da nama fiye da yadda aka saba, miyar kuma da daddawar nan da ta murƙushe. Ranar Lahadi da la'asar ta fito da kanta ta tsaya a bakin shagon, wai zare take so.

Tana juya zaren ta ce, "Da ka yi shiru, da yanzu suna kunnen yarinya."

"Da kin faɗa mini, Yaya, da na nemo musu takarda."

"Da na faɗa maka, da duk filin jirgi sun ji."

"Ai yanzu ma sun ji."

Ta sake juya zaren. Sannan ta ce, "In ba su mayar maka ba fa?"

"Sai Malam Audi ya ɗauke ni aiki."

Na ce ba ni da abin biyan mai Faransanci. Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye zaren ta ce gobe tare za su je, in laifi ne nata ne, ita za a rataya wa. Da ƙyar ya lallashe ta ta zauna a gida.

Litinin ya tafi da farar hularsa da shuɗiyar jaka, wuyansa fayau. Har azahar bai dawo ba. Rahamatu ta leƙo ya fi sau goma, duk leƙowa da dalilinta, yanzu shara, anjima kaza ta fita. Muna fitowa daga sallar la'asar sai ga shi ya sauka daga moto a bakin lungu, yana tahowa da tafiyar nan tasa da ba ta gaya maka komai. Sai da ya matso na ga igiyar.

Ya ce Madam ta karanta masa abin da ta rubuta. Ta rubuta kuskuren yadda yake, ba ta rage ba. A ƙasa ta ƙara cewa an riga an buga tambari, ba wanda ya tsayar da shi, shi ya dawo da ƙafarsa. Na sama ya sa hannu a mayar masa, da sharaɗi ɗaya: daga yau ba zai rubuta abin da idonsa bai gani ba. Ya ce mata a unguwarsu kwance saƙo abin kunya ne. Ta ce to kada ya kwance, a riƙa ɗaurewa a gabansa.

Rahamatu tana bakin ƙofa tana ji. Abin da ta ce kawai shi ne, "Igiyar nan ta yi datti, kawo in wanke." Ta shige da katin a hannu, ta daɗe ba ta fito ba.

'Yan kunnen ba su taɓa hawa jirgi ba. Badaru ya fara neman takardar, sai Mas'uda ta aiko cewa a bari. Da ta yi arba'in ta ɗauko jaririyar ta biyo mota, karo na farko da ta taka Kilomita Biyar tun tafiyarsu. Wata guda ta yi. Ranar komawa Rahamatu ta zaunar da Mas'uda a tabarma ta sa mata su a kunne da hannunta, sannan ta ja ɗankwali ta rufe su, ta ce hanya ce.

Yanzu duk jajibirin tafiyar likita, da hantsi, ana shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansu. Mai saƙo ta zo da kayanta a buɗe, ta zuba, a gani, a auna, ta ɗinke a wurin. Da farko mata sun yi gunaguni, amma ba su daɗe ba, domin ba Badaru ke dubawa ba. Rahamatu ce ta naɗa kanta. Ta zo shagona ta zaɓi basilla mafi tsawo, ta kuma ƙi biya, wai aikin gwamnati ne. Duk curin daddawa sai ta soke shi ta gefe uku. Ta san inda ake ɓoyewa a ƙasan kwalbar zuma, ta san na cikin ƙullin kanwa. Watan jiya ta zaro zobe daga dunƙulen sabulun Amariya matar Dabo, ta ɗaga shi sama tana yi mata faɗa kamar ita ba ta taɓa jin irin wannan dabara ba.

Badaru yana gefe a ƙasa, sikeli a hannu ɗaya, biro a ɗaya, kati yana lilo a ƙirjinsa. In ta turo masa ƙulli yakan ɗago kai ya ce, "Yaya, me ke ciki?"

Ita kuma ta goge basillar a gefen zane ta ce, "Rubuta, Auta. Na soka."